Daga Jakar Masu Sauraro: Nawa Ya Kamata A Sayar Da Katin Gaisuwa Na Aikin Hannu?

TAMBAYA: Wata mai sauraronmu daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, jihar Jigawa, wadda ta roƙi a sakaya sunanta, ta aiko mana da takarda tana cewa ta gama sakandare, kuma tun tana makaranta ta koyi yin katin gaisuwa da hannu. Da azumin bana ya kama, ta kwashi adashinta ta sayi kwali 15 a kan N300 kowanne, da ambulan 120 a kan N30 kowanne, sa'an nan gam da maka da ƙyalƙyali na N4,900. Ta yanka kati 8 daga kowane kwali, ta sami 120, ta sa musu N200 kowanne. Sallah ta zo ta wuce, 70 kawai ta sayar, a ciki ma 15 bashi ne har yau ba a biya ba, sauran 50 suna nan jibge cikin akwati. A ƙasan takardar ta ƙara da cewa sau biyu ta shiga gari sayen kaya, kowace tafiya N1,500 zuwa da dawowa, kuma kowane kati yana cin mata rabin awa. Yanzu mahaifinta ya ce ta bar wannan wasan yara ta kama tuyar awara. Tana tambaya, ina kuɗinta suka shiga, nawa ya kamata ta riƙa sayarwa, ko kuwa ta haƙura?

AMSA: To 'yata, mun gode da wannan takarda, kuma madalla da kika rubuto da lambobi, domin yawancin masu rubuto mana a kan sana'a sai su ce "na yi asara" kawai, ba nawa ba nawa, su bar mu muna lalube.

Da farko bari in fayyace wa jama'a, domin na san tsofaffin 'yan zaɓe za su ɗauka katin gidan rediyo ake nufi, irin wanda ake saye a cike shi da sunayen 'yan'uwa da abokan arziki a aika filin Zaɓi Sonka. A'a, ba shi ba ne. Wannan kwali ne ake ninkewa biyu, a yi masa zane da ado a gaba, a rubuta barka da Sallah ko fatan alheri a ciki, a sa shi a ambulan a miƙa wa mutum.

Yanzu ɗauko biro mu bi sawun kuɗin nan. Kwali N4,500, ambulan N3,600, kayan ado N4,900, jimla N13,000. Na tabbata nan kika tsaya, kika raba wa kati 120, kika ga kowanne ya tashi a kan N108, kika ce in na sayar N200 ai na kusa ninkawa. Amma kuɗin motar fa? N3,000 ɗin nan ba sadaka kika ba direba ba, kati ne ya kai ki gari. Ke nan N16,000 kika kashe, watau kowane kati ya tashi wajen N135. Wannan ƙaramin rami ne. Babban ramin shi ne, kin raba kuɗin a kan katin da kika yi, alhali kuwa katin da aka saya ne kaɗai ke biyan kuɗi. Raba N16,000 wa 70, za ki ga kowane katin da ya bar hannunki ya tsaya miki a kan wajen N230. Kin sayar N200. Watau duk wanda ya sayi kati a wurinki kin bi shi da kyautar N30, ban da guminki. Sa'an nan a cikin N14,000 da ya kamata ki karɓa, N3,000 suna aljihun masu bashi, N11,000 ne suka shigo. Ga inda kuɗinki suka shiga, ba aljani ne ya ɗauke su ba.

Manomin tumatir ya fi kowa gane wannan magana. In ya ɗebi kwando 10, uku suka ruɓe a hanya, to bakwai ɗin da suka isa kasuwa su ne za su ɗauki kuɗin taki da na ban-ruwa da na mota na duka goman. Katin Sallah kuwa ɗan'uwan tumatir ne. Ranar jajibere yana da daraja, kwana uku bayan hawan Sallah ko kyauta kika ba mutum sai ya tambaye ki ya yi me da shi.

Saura kuɗin hannu, wanda shi ne mu mutanen karkara muka fi mantawa. Baba da kansa in ya ɗauki ɗan ƙwadago ya yi masa noma, ba ya cewa tun da gonata ce da fartanyata, ba abin da zan biya. Yana biya, kuma yana sa shi cikin lissafin gona. Amma ranar da shi ya duƙa da kansa, sai ya ɗauka aikin banza ne ya faɗo daga sama. Kati 120, kowanne rabin awa, awa 60 ke nan kika zauna a duƙe cikin azumi. Nawa ne kuɗin awa guda? Ga wani ma'auni mai sauƙi. A shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan N70,000 a wata. In mutum ya yi kwana 22 yana aikin awa 8, awa 176 ke nan, kowace awa ta kama wajen N400. Ba na cewa dole ki bi wannan, kina iya auna kanki da abin da mai awara ko mai kitso ke samu a unguwarku, amma dai a sa wani abu. In muka bi N400, rabin awa N200 ne. Kin ga ashe kuɗin da kika sa wa katin gaba ɗaya, ladan zamanki ne kawai, kwali da ambulan da gam duk kyauta kika bayar.

To mu haɗa. Kaya da mota N135, hannu N200, ya zama N335. Sai a yi wa kwantai da ɓarna tanadi, domin ko gwani yakan karkace layi, gam yakan zube, wani katin ya ƙi fita. Mu ce cikin kowane 10, takwas ne za su zama kuɗi. Goma sau N335 ya ba da N3,350, a raba wa takwas, N420. A ɗora riba kaɗan, wadda da ita jari zai girma, kin isa N500. Irin katin da kike yi, da irin lokacin da yake ci, kuɗinsa na gaskiya ke nan a kan farashin da kika rubuto. Masu karatu na wasu wurare su sa nasu lambobin, kuma a sake lissafin duk lokacin da za a sayi sabon kaya, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota da na takarda ba su zauna wuri ɗaya ba.

Na san abin da za ki ce: wa zai sayi kati N500 a ƙauyenmu? Gaskiyarki. Mutumin da ke lissafin kuɗin cefanen Sallah da ɗinkin yara ba zai ba da N500 a kan kwali ba, alhali yana iya aika gaisuwa ta WhatsApp ko ya buga waya a ji muryarsa. Amma maganin wannan ba shi ne ki koma N200 kina cin uwar kuɗi ba. Hanya biyu ce: ko ki rage lokacin da kati ke ci har ya yi araha da gaske, ko ki yi katin da zai cancanci tsada. Duka biyun an gwada su tun kafin a haifi kakanninmu.

Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, a birnin Landan na Ingila aka yi shi a 1843. Wani ma'aikacin gwamnati mai suna Henry Cole ya sa wani mai zane, John Horsley, ya zana masa, aka buga guda 1,000, launin kuwa da hannu aka shafa wa kowanne. Sule guda aka sa masa. Dattawan da suka riski sule da kwabo kafin a canza kuɗi zuwa Naira a 1973 sun san sule kwabo 12 ne. A lokacin kuwa, tun daga 1840, kan sarkin aika wasiƙa ko'ina cikin Ingila kwabo ɗaya ne. Kin ga katin ya ninka kuɗin aika shi sau 12. Ba a auna shi da nauyin takarda ba, kuma ba kowa aka yi wa shi ba, masu hali aka nufa.

Wadda ta fi kama da ke ita ce wata budurwa Ba'amurkiya, Esther Howland, a garin Worcester na jihar Massachusetts, wadda mahaifinta ke da kantin sayar da littattafai da takardu. A ƙarshen shekarun 1840 ta yi 'yan katunan masoya na gwaji da hannu, ta ba ɗan'uwanta da ke yawon tallan kayan kantin ya tafi da su ya nuna wa 'yan kasuwa. An ruwaito cewa ya dawo da odar dala 5,000. Duba da kyau, samfur ya tafi da shi, ba kaya ba. Sai da aka ce ana so, sa'an nan ta yi. Da aikin ya fi ƙarfinta, ta tara ƙawayenta a dogon tebur a gidansu, wannan tana yanka, wannan tana liƙa, waccan tana sa ado, kati yana wucewa daga hannu zuwa hannu har ya kammala.

Wannan dabarar tebur ko ke kaɗai kina iya yin ta. Abin da ke cinye rabin awa shi ne ki ɗauki kati ɗaya ki auna, ki yanka, ki ninke, ki tsaya tunanin zane, ki jira gam ya bushe, sa'an nan ki ɗauki na biyu. Maimakon haka, yau yanka kawai, da reza da rula, duka a tashi ɗaya. Gobe ninki. Jibi ado. Zane kuwa kada ya wuce iri uku ko huɗu. Ki huda shi a jikin kwali mai kauri ki riƙa ɗorawa kina shafa launi, ko ki sassaƙa hatimi da tsohon silifa ki riƙa dangwalawa. Ƙyallayen atamfa da shadda da tela ke sharewa ya zubar, in aka yanka su da kyau aka liƙa, sun fi ƙyalƙyalin kanti kyau a idona, ga shi ba sa zubewa a hannun mutum. Girman katin kuma ki daidaita shi da ambulan da ake samu a kasuwa, kada ki yanka kati tukuna ki shiga neman rigarsa. Rabin farar takardar nan ta buga rubutu, in aka ninke shi biyu, yana shiga ƙaramin ambulan daidai. In kika sauko da lokaci zuwa minti 10, kuɗin hannu ya koma wajen N70. Da N135 na kaya, N205. Da tanadin kwantai, wajen N260. Ki sayar N300, kin fita lafiya. In kuma kika ba wani mai shiga gari saƙon kaya, ko kika haɗa tafiya biyu ta zama ɗaya, ribar ta ƙaru ba tare da kin taɓa mai saye ba.

Amma ni a ganina kuɗin wannan sana'a yana ga hanya ta biyu, watau katin oda. Abin da waya ba za ta iya ba shi ne ta ba mutum abin da zai riƙe a hannu da sunansa a rubuce, ya jingina a kan kwaba ko ya liƙa a bango baƙi su gani. Saurayin da zai kai toshi, ƙawayen amarya da za su haɗa gudummawa suna neman abin da za su sa kuɗin a ciki da sunayensu jere, ɗaliban da malaminsu zai yi ritaya, iyalin da ɗansu ya sauke karatu, masu taryen alhazai, masu taya sabon mai sarauta murna, waɗannan ba sa tambayar nawa ne kwali. Irin wannan katin babba ne, yana iya cin awa guda da kayan N300, ki sa masa N1,000 ko N1,500 ba kunya. In kina da hannun ajami, ki tallata shi, domin dattawa da yawa shi suka fi karantawa, kuma shagon kwamfuta ba kasafai yake yi ba. Sharaɗi ɗaya ne: kafin alƙalami. Rabin kuɗi a hannu kafin ki taɓa reza, kuma mai oda ya rubuta sunan da kansa a littafinki. Katin da aka rubuta wa Hajiya wance ba ya sayuwa ga kowa in mai shi ya fasa. Tela ma da ya san aikinsa ba ya yanka yadi da alkawarin baki.

Wata shawara a nan, wadda malamai suka sha faɗa: a guji rubuta ayoyi a jikin kati, domin ƙarshensa wani yana faɗawa ƙasa, yara su taka ko a share shi da shara. Addu'ar alheri da Hausa ta wadatar.

Sai maganar lokaci. Kin jingina sana'arki da Sallah kaɗai, shekara kuwa tana da ƙofofi da yawa. Daga wajen watan Mayu zuwa Yuli ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare ke zana jarrabawar WAEC da NECO, kuma katin fatan nasara yana da kasuwa a nan, musamman makarantun kwana inda ba a barin yara su riƙe waya. Ranar ziyara ki nemi izinin hukumar makaranta ki baje a bakin ƙofa. Da kaka, in amfanin gona ya shigo, bukukuwa sukan yi yawa, kuɗi na hannun mutane. A watan Disamba maƙwabtanmu Kirista suna neman na Kirsimeti da sabuwar shekara, malaman asibiti da na makaranta da aka turo daga nesa su ne farkon waɗanda za ki nuna wa. Ita kanta Sallah kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. Ƙaramar Sallah ta 2024 ranar 10 ga Afrilu aka yi ta, ta 2025 kuwa 30 ga Maris. Saboda haka da watan sama za ki yi lissafi, ki fara yanka tun Sha'aban, kaya su kasance a kasuwa kafin goman ƙarshe.

Game da ba masu shago, iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ke kawo rigima. Akwai sari: mai shago ya biya ki nan take a kan farashi mai sauƙi, kwantai nasa ne. A ƙasashen Turai da Amurka mai kanti yakan sari kati a kan wajen rabin kuɗin da zai sayar, don haka kada ki yi mamaki in namu ma ya taya ƙasa sosai. Ki dai riƙe lambarki a ka: katin N300 ya tsaya miki N205, in sari ne ba ruwanki da kwantai, kina iya sallamawa N240, ƙasa da haka ki ce albarka. Akwai kuma ajiya, inda za ki bar masa kaya ya sayar ya cire la'adarsa, abin da ya rage ya dawo miki. A nan kwantai naki ne, har da wanda rana ta ƙoƙe da wanda aka taɓa da hannun manja. In za ki yi ajiya, ki sa kowane kati a leda, kada ki bar fiye da dozin ɗaya a shago ɗaya, ku ƙirga tare, a rubuta, ya sa hannu, a kuma yanka ranar lissafi. Mai kemis da mai shagon littattafai da tela sun fi mai tireda dacewa, domin a wurinsu mutane ke tsayawa suna jira idonsu na yawo.

Wajen ciniki kuwa, ki rubuta farashi da fensir a bayan leda, kuma ki tsaya a kan lambar da ba ta neman canji, N300, N500, N1,000. In mutum ya ɗauki dozin ya nemi ragi, ki yi masa gyara da kati ɗaya maimakon ki rage kuɗi. Lissafa ki gani: ragin N50 a kan kati 12 asarar N600 ce, gyaran kati ɗaya kuwa N205 ya ci miki, kuma shi zai tafi yana murna an yi masa ƙari. Wayar da ta kashe wa kati kasuwa ita ma ki sa ta aiki, ki ɗauki hoton samfur da hasken safe ki ɗora a WhatsApp mutane su gani su yi oda. Wanda ya ce ya turo kuɗi ta waya, ki duba asusunki da idonki kafin ki miƙa kaya, saƙon bogi ya yi yawa.

To 50 ɗin da ke cikin akwati fa? Ba su mutu ba tukuna. Tsakanin ƙaramar Sallah da babba wajen kwana 70 ne, kuma in "Barka da Sallah" kawai kika rubuta, sun dace da kowacce. In kin sa shekara ko kin ambaci shan ruwa, ki rufe wurin da siririn ƙyallen atamfa, ya zama ado. Daga yau kada ki ƙara rubuta kwanan wata a katin da ba na oda ba. Ki ɗaure su a leda, ki ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara da laima, domin kwali in ya sha danshi sai ya lanƙwashe, gam ya saki. An riga an biya kuɗin kayansu, saboda haka ko 30 kika sayar a kan N300, N9,000 ke nan, sun rufe gibin N5,000 da ke tsakanin abin da kika kashe da abin da ya shigo, har da saura.

Shi kuma Baba, kada ki yi jayayya da shi, asara ya gani da idonsa kuma yana da gaskiya. Ki kai masa wannan shafi da littafin lissafinki, ki roƙe shi ya ba ki zuwa babbar Sallah, da alkawarin ba za ki sa sabon kuɗi ba sai abin da ya fito daga tsofaffin katunan da kafin alƙalamin masu oda. Awarar ma ba ta hana, ana iya tuya da yamma a yi yanka da safe. In lokacin ya cika ba a sayi na N300 ba, oda kuma ba ta zo ba, to garinku ba shi da kasuwar kati, ki ajiye shi ya zama abin yi wa 'yan'uwa kyauta.

Masu bashin nan 15 kuwa, ki bi su ranar kasuwa da la'asar, lokacin da ciniki ya faɗa kuɗi na aljihu, ki tafi da littafin a hannu kowa ya ga sunansa. Wanda ya ce sai wani mako, ki karɓi ko N100 ne ki rubuta a gabansa.

Sauran takardu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.